Kunnen Jita a Ƙarƙashin Faranti

Wani ɗan sukuru ne ya jawo komai. Yaya tana cikin kwance sukurorin bayan wata fankar tebur sai ya kuɓuce mata, ya buga tsalle a kan benci, ya gangara ya yi ɓatan dabo. Ta duƙa ta leƙa ƙarƙashin bencin, ta kakkaɓe zaninta, ta ɗaga akwatin kayan aiki, babu shi babu alamarsa. Sai da ta gaji ta miƙe tana dafe da ƙugu sannan ta hango shi. Yana can jikin jitar ƙaninta da ke jingine a lungu, ya tsaya cak a kan wani baƙin abu mai siffar guntun sabulu da ke ƙarƙashin tsirkiyoyin, kamar an dasa shi.

Ta kai hannu ta ciro shi, ta ji abin yana ja, ba ya son saki. Ta sake matsar da shi kusa, ya ƙwace daga yatsunta ya koma ya manne.

"Ikon Allah," ta ce ita kaɗai. "Me mayen ƙarfe yake yi a cikin kayan kiɗa?"

Yaya ita ce babba a ɗakinsu, kuma ita ta gaji shagon mahaifinsu na naɗin koyil. A layin kowa Mai-Koyil yake kiranta. Fanka, injin jan ruwa, injin markaɗe, janareta, duk abin da ya yi ƙauri ya yi shiru wurinta ake kawo shi, ta warware ƙonanniyar waya ta naɗa sabuwa. Kiɗa kuwa bai taɓa ɗaɗa ta da ƙasa ba. A wurinta jita hayaniya ce kawai da ake ratayawa a wuya. Wannan ɗin ma Auta ne, ɗan autansu, ya kawo ta ajiya watannin baya, wai ɗansa ya fara rarrafe yana jan ta a gida. Kowa ya san ba wannan ne dalilin ba. Tun da ya faɗi a kan babur ya karya wuyan hannunsa na dama, ƙashin ya haɗe amma hannun ya sandare, bai sake fita wasa da ƙungiyarsu ba. Ya koma tsaron kantin surukinsa yana sayar da ƙusa da fenti, ko zancen kiɗa ba ya so a yi a gabansa.

Ranar nan fankar mutane ba ta sake ganin hannunta ba. Ta shimfiɗa tsohon tawul a kan benci, ta kwantar da jitar. A fuskarta akwai wani farin farantin roba da aka ɗaure da ƙananan sukurori don kada kartar hannu ta cinye katakon. An huda farantin a wuri biyu, kuma ta nan ne baƙaƙen abubuwan nan biyu suka leƙo suna kallon tsirkiyoyi. Ta sassauta tsirkiyoyin, ta kwance farantin, ta ɗaga ɗaya daga cikin abubuwan, ta ɓamɓare murfinsa a hankali.

Sai ta fashe da dariya.

Baba Kafinta, wanda shagonsa ke manne da nata, ya leƙo da fensir a bayan kunne. Abokin mahaifinsu ne, ya san ta tun tana goye.

"'Yata, lafiya kike dariya ke ɗaya? Ko zafin ranar ne?"

"Baba, zo ka gani. Koyil ne! Shekara da shekaru yaron nan yana cika mana kunne, ashe sana'ar gidanmu ce yake ratayawa a wuya."

Baba ya sa tabarau ya sunkuya. Jar waya ce aka naɗe ta a kan wasu 'yan sandunan mayen ƙarfe guda shida, kowace tsirkiya da nata. Sai dai wayar ta fi gashin kai siriri.

"To ina aka sa masa wuta?" Baba ya tambaya. "Ban ga batir ba."

Nan fa ta tsaya. Ta bi wayoyin da yatsa har zuwa ramin da ake soka igiyar lasifika. Babu batir, babu hanyar da wuta za ta shigo. Duk koyil ɗin da ta taɓa naɗawa ba shi wuta ake yi ya yi aiki. Wannan kuwa ba a ba shi komai.

Da yamma ta biya gidan Inna, mahaifiyarsu, ta tarar da Auta zaune a bakin ƙofa yana ɓare wa ɗansa lemo da hannun hagu.

"Kai Auta, abin nan baƙi da ke cikin jitarka, mene ne sunansa?"

Ya ɗago a tsorace. "Yaya, me kika yi mata?"

"Ban yi mata komai ba. Buɗe ta kawai na yi."

"Buɗe ta!"

"Zan rufe. Tambayarka nake yi."

"Fikof muke ce masa. Shi ne yake ɗaukar sautin ya kai lasifika. Kamar kunnen jitar ke nan."

"Da me yake ji?"

"Ina na sani?"

"Abin da ka ci abinci da shi tun kana saurayi, ba ka taɓa leƙa cikinsa ba?"

"Ke da kike numfashi tun kafin a haife ni, kin taɓa leƙa huhunki?"

Inna ta yi dariya daga cikin ɗaki har da tari. Yaya ta harare shi, ta ce gobe ya kawo mata lasifikarsa shago, in ba haka ba sai ta warware wayar kaf ta ga ƙarshenta. Wannan barazanar ce ta fito da shi. Washegari da hantsi sai ga shi da lasifikar a kafaɗa, fuska a murtuke.

Ta riga ta mayar da komai yadda yake. Ya soka igiya ya kunna. Yaya ta sunkuya ta kai bakinta dab da kunnen jitar ta ce, "Salamu alaikum!" Lasifika ba ta amsa ba. Ta ƙara ɗaga murya, shiru.

"Wane irin kunne ne wannan, kurma?"

Ta ɗauko zaren roba na kamun kifi da take ɗaure kaya da shi, ta ba Auta gefe ɗaya, ta ja ya yi tauri a saman kunnen, ta fizge shi da yatsa. Zaren ya yi ƙara a iska, lasifika ko gezau. Ta jefar da shi ta ɗauko wayar birkin keke, suka ja, ta fizga. Nan take lasifika ta yi wani gurnani har Baba Kafinta ya ajiye zartonsa ya shigo.

Yaya ta zauna a kan kujera tana kallon abin, bakinta a buɗe.

"Ba sauti yake ji ba," ta ce a hankali. "Ƙarfe yake ji. Auta, janareta ce! Mayen ƙarfe da koyil, sai wani abu ya motsa a tsakani. A janareta inji ne ke juyawa, a nan tsirkiya ce ke karkarwa. Yatsanka ne man fetur ɗin. Duk wasan da ka yi a duniya, wuta kake haɗawa ba ka sani ba."

"Da na sani da na sayar wa unguwa," in ji Auta. Bai yi niyyar murmushi ba, amma ya suɓuce masa.

"To kaɗa mu ji."

Murmushin ya ɗauke. Ya ce shi kanti zai koma. Ta ce ba za ta gane yadda abin yake ba sai a hannun mai shi. Baba ma ya sa baki. A ƙarshe ya ɗauki jitar ya ɗora a cinya, ya zaro 'yar robar da yake kaɗawa da ita daga aljihu, wadda ashe har yanzu yana yawo da ita. Yatsun hagu suka hau wuyan jitar kamar ba su taɓa sauka ba. Ya kaɗa. Sautin ya fito zaƙwai, sai kuma ƙwas! Ya sake, ƙwas! Kowace saukar hannu sai gaɓar yatsansa ta daki gefen kunnen, lasifika ta kwashe ƙarar ta watsa wa layin.

Ya tsaya. Ya nuna mata bayan yatsunsa, fatar ta riga ta yi ja.

"Kin gani? Da can wuyan hannun ne ke lanƙwasawa ya tsallake shi. Yanzu daga gwiwar hannu nake kaɗawa, hannun sai ya nutse. Na sauke fikof ɗin nan biyu iya saukewa, na naɗe su da salatif, na gwada riƙo iri-iri. Likita ya ce iyakar lanƙwasawar ke nan. Kiɗan yana nan a kaina, Yaya. Hanya ce babu."

Ba ta ce masa sannu ba, don ta san ba ita yake so ba. Ta ɗauki wani guntun kwali ta ɗora a kan kunnen, ta saki ƙusa a kai. Ƙusar ta manne. Ta ninka kwalin, ƙusar ta sake mannewa.

"Dole ne sai ya leƙo waje?" ta tambaya.

"Haka ake yin su."

"Ban tambaye ka yadda ake yin su ba. Tunda ba da ido yake gani ba, me zai hana a binne shi a ƙarƙashin farantin nan, sama ta zama sumul?"

Auta ya rungume jitar. "Ba za a fafe mini ita don gwaji ba."

Baba Kafinta ne ya raba gardamar. Ya ce ba a koyon yanka a kan katakon mai kaya. Ya shiga shagonsa ya fito da wani dogon falanki, ya fafe rami a tsakiyarsa, ya kafa ƙusa a kowane ƙarshe. Auta ya kawo tsofaffin tsirkiyoyi, aka ɗaura ɗaya. Ya kuma yarda, da ƙyar, a ciro kunne ɗaya a ara wa falankin. Baba ya raɗa wa abin suna jitar talaka.

Daga ranar aikin Yaya ya rabu biyu. Da safe fankoki da injina, da la'asar falanki. Ta cika ramin da gutsattsarin kwali, ta ɗora kunnen a kai, tana zare kwalin ɗaya bayan ɗaya tana fizgar tsirkiya. Abin da ta gani ya ba ta mamaki. Ta zaci sautin zai riƙa raguwa sannu a hankali, sai ta ga faɗowa yake yi kamar dutse a rijiya. Kafin kunnen ya nutse kaurin yatsa ɗaya, ƙarar ta koma kamar rediyon maƙwabci.

Sannan ta shiga gwada murfi. Ta rufe kunnen da murfin gwangwani, ya kurmance gaba ɗaya. Wannan ta gane, ƙarfen ya shanye mayen bai bar wa tsirkiya komai ba. Ta sa roba, ta sa gilashi, ta sa siririn katako, kunnen bai ma san suna wurin ba. Amma da ta sa murfin tukunyar alminiyam sai abin ya ɗaure mata kai. Maye ba ya kama alminiyam ko kaɗan, duk da haka sautin ya fito a dushe kamar an lulluɓe shi da bargo. Ta kwana ta tashi da wannan tambayar. Tana cikin cire ƙarfen wani injin ruwa, tana kallon yadda aka jera shi falle-falle ba dunƙule ba, sai ta tuna mahaifinsu ya taɓa gaya mata dalili: idan ƙarfen dunƙule ne, wuta takan riƙa zagaye a cikinsa tana cin ƙarfin injin a banza. Ta ajiye guduma ta leƙa shagon Baba.

"Baba, murfin tukunyar nan sata yake yi. Wutar a cikinsa take yawo."

"Wace tukunya kuma?" in ji Baba, wanda ya riga ya manta.

An tsayar da magana dai, faranti na roba ne. Saura nisan. Mai gyaran kwamfuta na ƙarshen layi ya ba ta wasu 'yan mayen ƙarfe masu sheƙi, ƙanana amma in suka kama yatsa sai an yi ihu. Ta liƙa su a ƙarƙashin kunnen, ta nutsar da shi, ta rufe da roba, ta fizga. Lasifika ta amsa da ƙarfi har gwangwanayen kan kanta suka yi rawa. Ta aika a kira Auta.

Yanzu ba sai an ja shi ba. Yana tashi daga kanti yake biyowa, wai ya zo duba lafiyar kunnensa. Ya fizgi tsirkiyar, ya karkata kai, ya yamutsa fuska kamar ya tauna tsamiya.

"Ba ki ji ba?"

"Na ji. Ƙara kamar ta da."

"Muryar rawa take yi. Kuma ba ta daɗewa, mutuwa take yi tun ba ta gama magana ba."

Ita ba ta ji komai ba. Ya sa ta rufe ido. Ya fizga da mayen, ya cire shi ya fizga, ya mayar, ya cire, har sai da ta ce, "Tsaya! Sake wancan." Can a ƙarshen sautin ta ji shi, wani ɗan lilo, kamar mai waƙar da ake girgiza wa kafaɗa. Shekarunta nawa tana gane ciwon inji daga kukansa, amma ba ta taɓa sanin sauti ɗaya yana da kai da jiki da wutsiya ba.

"Mayen ya yi ƙarfi da yawa," ta ce. "Ya riƙe wa tsirkiyar ƙafa, ba ya barin ta ta yi rawarta."

Ke nan ba ƙarfin maye kaɗai ba ne mafita. A rage shi, a ƙara waya, kunnen ya ƙara ji. Sai dai Auta ya rantse ba za a taɓa naɗin nasa ba, don haka dole ta naɗa nata. Wayar fanka ta yi kauri. Ta farfasa tsofaffin rediyoyin da ke jibge a bayan shago har ta samu siririya a cikin wasu ƙananan tiransifoma. Injin naɗinta kuwa yana fara juyawa yake tsinka ta. Ta liƙa da dalma, ya tsinka. Ta sake liƙawa, ya sake tsinkawa. Ranar ta koma gida da ciwon kai, har maigidanta ya tambaye ta ko jitar nan biyan ta take yi.

A ɗakin Inna ta ga mafita, a lulluɓe da zani a bayan ƙofa.

"Inna, ara mini keken ɗinkinki."

"Ki yi me da shi? Ke da ko maɓalli ba ki iya ɗinkawa ba."

Ta yi mata bayani. Inna ta ce ita ba ta haifi wanda zai mayar mata da keke kayan kiɗa ba. Makaɗi ɗaya ya ishe ta. Amma da ta ji don hannun Auta ne, sai ta yaye zanin da kanta. A nan tsakar ɗakin Yaya ta ɗaure ɗan allon naɗin a jikin wilin keken, ta taka. Wayar ta yi 'yan zagaye ta tsinke. Ta liƙa, ta taka, ta tsinke.

"Tashi," in ji Inna. "Hannunki na fanka ne. Wannan zare ne, ba igiyar shanya ba."

Ta zauna, ta yage ɗan ƙyalle mai laushi ta ninka, ta kama wayar a tsakaninsa da yatsu biyu. Ƙafarta ta fara taka keken a hankali, hannun yana kai wayar dama da hagu kamar tana cika kwarkwaro. Ba ta ko kallon abin sosai, tana ta ba da labarin rigimar maƙwabta a kan magudanar ruwa. Wayar ba ta tsinke ba har allon ya cika ya yi tumbi.

Na farkon nan da suka naɗa ya ji tsirkiya daga nesa tsaf, amma muryarsa kamar mai mura. Auta ya ce duk zaƙin saman ya tafi. Suka rage wayar, zaƙin ya dawo, ƙarfin ya gudu. Yaya ta ga abin kamar gajeren mayafi, ka ja sama ƙafa ta fito. Ga kuma matsalar tsayi, don Baba ya auna kaurin jitar ya ce in ya fafe ta fiye da kima sai a hango cikin Auta ta baya.

Tana zaune tana jujjuya koyil ɗin a hannu sai ta lura da wani abu. Dogo ne, rabin wayarsa can ƙasa take, nesa da tsirkiya, tana ƙara nauyi ba ta jin komai. Me zai hana a baje shi? Ta sa Baba ya yanko mata allo mai faɗi, gajere, kamar biskit. Inna ta cika shi. Yaya ta jera matsakaitan mayen ƙarfe a tsakiya, ta nutsar, ta rufe da roba. Auta ya fizga. Ya karkata kai. Ya sake fizga. Sannan ya ɗago.

"Ba irin tawa ba ce," ya ce. "Amma murya ce."

A ranar ya yarda a taɓa jitar. Inna ta naɗa na biyu irinsa. Baba ya faɗaɗa ramukan da kurfi, yana yi yana bismillah, Auta kuwa ya fita waje ya juya baya kamar wanda aka shiga da matarsa ɗakin haihuwa. Suka yanko sabon faranti daga wani farin allon talla na roba, ba huda ko ɗaya sai ta sukurori da maɓallan ƙara sauti. Daidai inda kunnuwan za su kwanta, Baba ya kankare robar ta ciki har sai da hasken rana ya fara ratsa ta, don ko kaurin farce aka samu riba ce. Yaya ta yanko soson tsohon silifas ta sa a ƙasan ramin ya riƙa tura kunnuwan sama su manne da farantin. Aka ɗaure, aka ja tsirkiyoyi, aka soka igiya.

Lasifika ta ƙwalla wata ƙara mai tsinin allura. Mai shayin tsallaken titi ya zubar da kofi, karen mai faci ya ruga. Auta ya fizge igiyar.

Yaya ta ƙwanƙwasa farantin da farce tana tunani. Wayoyin ba su zauna daram ba, sautin lasifikar yana girgiza su, su kuma suna mayar masa. Kunnen kansa yake ji. Da fanka ce da ta tsoma ta a banish ya daskarar da naɗin, amma ta ji tsoron ya cinye rufin siririyar wayar. Ta aika aka sayo kyandir, ta narka shi a gwangwani a cikin ruwan zafi, ta tsoma kunnuwan tana kallon 'yan kumfa suna tasowa har suka daina. Da suka huce aka sake ɗaurewa. Wannan karon da aka soka igiya, shiru, sai ɗan huci.

Auta ya zauna. Ya shafa farantin da tafin hannu, fari fes, sumul daga sama har ƙasa. Ya kaɗa sau ɗaya a tsorace, yana ɗage hannun kamar yadda ya saba. Sannan ya sake shi. Hannun ya nutse ya goge robar ya wuce, babu abin da ya tare shi. Ya ƙara, ya ƙara. Sautin ya fi na da kauri da taushi, kamar muryar wanda ya manyanta. Ya gwada wani gudu da yake yi da can, hannun ya kasa bin sa, ya tsaya ya cije leɓe. Sai ya sake ɗaukar waƙar a hankali, yana barin kowane sauti ya gama maganarsa kafin na gaba ya shigo. Baba ya cire fensir daga bayan kunne ya mayar ba dalili. Yaya ta juya tana gyara gwangwanayen da ba su buƙaci gyara ba.

Bayan kamar mako biyu ya ce ta raka shi wurin da ƙungiyarsu ke gwaji. Ba ta taɓa zuwa ba. Wani tsohon sito ne a bayan gidan biredi, an manna katifu a bango, igiyoyi sun cika ƙasa kamar taliya. Suna shiga aka yi ca a kansa da runguma da tsiya. Mai ganga, wani gajere mai ƙaton ciki, ya karɓi jitar ya juya ta gaba da baya, ya leƙa ƙarƙashin tsirkiyoyin, ya girgiza ta a kunne.

"Malam, an yi maka sata. Ina fikof ɗin?"

"Soka ka ji."

Ya soka, ya fizgi tsirkiya ɗaya, lasifika ta amsa. Ya yi baya da sauri ya miƙa wa Auta kayansa. "Riƙe abarka. Ni ba na wasa da aljanu."

Suka fara. Yaya ta samu wani akwati ta zauna a gefe, jakarta a cinya. Waƙar farko ta watse a tsakiya, suka yi dariya suka sake. A ta biyu mai ganga ya rage gudu ya bi hannun Auta, sauran ma suka bi, abin ya zauna. Tana ganin ƙaninta yana lumshe ido yana gyaɗa kai, gumi na bin wuyansa.

Amma tsakanin waƙa da waƙa, idan kowa ya yi shiru, sai ta riƙa jin wani zuuu siriri daga lasifikarsa. A shago babu shi. Ta kasa kunne. Auta ya juya zai yi wa mai ganga magana, zuuu ɗin ya ɗauke. Ya juyo, ya dawo.

Ta miƙe tsaye. "Auta, sake juyawa."

"Yaya, muna aiki."

"Juya kawai. Hagu. A'a, a hankali. Tsaya nan!"

Ya tsaya yana fuskantar bango kamar ɗalibin da aka hukunta, 'yan ƙungiya suna ta ƙyaƙyatawa. Ita kuwa idonta na kan dogon ƙwan fitilar da ke rataye a rufin, wanda ke ɗan ƙyaftawa. Ta taka igiyoyi ta isa bakin ƙofa ta kashe makunnin. Sito ya yi duhu, zuuu ɗin ya mutu. Ta kunna, ya tashi. Ta kashe. Ta kunna.

"Hajiya, rufa mana asiri," in ji mai ganga daga cikin duhu, don ta sake kashewa. "Ni da ido nake ganin gangata."

"Fitilar yake ji," ta ce cike da murna. "Babu tsirkiya, babu taɓawa, daga can sama yake jin ta. To ta yaya?"

"Ki bari mu gama, don Allah," in ji Auta. "Idan mun fara ba wanda zai ji shi."

"Ni zan ji."

Ta kunna musu fitilar ta koma kan akwatinta. Mai ganga ya buga sandunansa, suka shiga waƙa ta uku. Yaya ta saurare su har tsakiya, sannan ta jawo akwatin a hankali zuwa ƙarƙashin fitilar, ta cire takalmi, ta hau, ta fara leƙen abin da ke cikin mazaunin ƙwan fitilar.